Ƙofar Caca Na Buɗewa, Ƙofar Asibiti Na Rufewa: Ina Bakinmu Yake?

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a babban taron ƙungiya a unguwar Hashimi, Suleja.

 



Kwamitin shirya wannan taro ya nemi mu ce wani abu a kan matsaloli biyu da suka dami iyaye a wannan unguwa, watau yawaitar shagunan caca da kuma lalacewar wuraren shan magani. To mu dai ba likitoci ba ne, ba mu kuma karanta lauya ba. Kasuwa muka tashi a ciki, abin da muka iya shi ne lissafin uwar kuɗi da riba. Saboda haka da lissafi za mu zo muku, inda muka tsaya sai malamai su ɗora.

Bari mu fara da caca. Caca dai ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, amma a da ana yin ta ne cikin kunya, a bayan tasha ko a kangon gida, kuma wanda aka sani da karta ba a ba shi aure cikin sauƙi. Yayyenmu sun ga zamanin na'urar kalokalo, wadda ta cinye kuɗin mutane har gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa dokar hana ta a 1977. Mu kuma mun ga zamanin masu cike takardar ful ranar Asabar. A 2005 aka yi dokar caca ta ƙasa, aka kafa hukumar da ke ba da lasisi daga Abuja. Daga nan sai kamfanonin cacar ƙwallo suka ɓullo, NairaBet a 2009, Bet9ja a 2013, wasu kuma suka biyo baya, ga Baba Ijebu da ya riga su. Yau caca ta fito bakin titi, ta kama shago, ta sa fanka da talabijin, ta kafa allo mai wuta, tana zaune tsakanin mai shayi da mai kemis kamar ita ma sana'a ce. Yaro ba ya ma kiran ta caca, sai ka ji ya ce ya buga wasa.

Ga lissafin, jama'a. A ce yaro ya haɗa wasa 10 a tikiti guda, a ce kuma kowane wasa kamar jefa kwabo ne, ko kai ko wutsiya. Biyu sau biyu, sau biyu, har sau 10, ya kama 1,024. Ke nan hanya ɗaya ce tak a cikin 1,024 za ta kai shi ga ci. Alhali kuwa ƙwallo ta fi kwabo wuya, don fuska uku gare ta: a ci, a sha kaye, ko a yi canjaras. Daɗin daɗawa, kamfani ba ya biyan cikakken abin da lissafi ya nuna. Inda adalcin lissafi zai sa a mayar wa mai naira 100 naira 200 idan ya dace, sai a rage wani abu a kai, kuma wannan ragin shi ne ribar kamfani, ko wa ya ci ko wa ya faɗi. Duk ɗan kasuwar da ke nan ya san cewa cinikin da abokin ciniki ya riga ya cire ribarsa tun kafin a buɗe baki, ba ciniki ne da za a yi arziki da shi ba. Kuma wanda ke zuba naira 500 kullum, a shekara ya zuba naira 182,500. Wannan kuɗi jarin ƙaramar tireda ne.

Ta ɓangaren addini kuwa, duk wanda ya zauna a Islamiyya ya wuce ta kan aya ta 219 a Suratul Baƙara, da aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida, inda aka haɗa caca da giya wuri guda, aka kuma bayyana irin gaba da shagala daga salla da suke jawowa. Malamai sun fi mu sanin wannan, kuma suna faɗa a kan mumbari. Abin da za mu ƙara shi ne abin da muke gani a kasuwa: yaron shago da cinikin yini ba ya cika a hannunsa, ɗan acaɓa da ya kasa kai wa mai babur balas, magidanci da kuɗin cefane ya maƙale a hanya.

Sai batun asibiti. Jama'a, asibiti ba ya rufewa rana ɗaya. Da farko sai a ce ba ma'aikacin dare. Daga nan ungozoma ta yi ritaya ba a kawo madadinta ba. Sai magani ya ƙare, a riƙa rubuta wa mutane takarda su je kemis. Sai famfo ya tsaya, iska ta yaye kwano, awaki su samu wurin kwana. Kafin a ankara, ƙofa tana nan a buɗe amma asibitin ya riga ya mutu, kuma idan gini ya daɗe a haka, ai kun san abin da ke biyo baya: wani ya fara auna filin da ido. Kusan kowa a nan ya san wani ɗakin shan magani da ya bi wannan hanya, ko a kewayenmu ko a garin da ya fito.

Ku dubi nauyin da ke kan garin nan. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Suleja ta haura mutum 200,000, kuma tun daga lokacin mutane sai ƙaruwa suke yi. Tun da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba 1991, duk wanda haya ta fi ƙarfinsa a can nan yake gangarowa, haka ma waɗanda rusau ya kora tsakanin 2003 da 2007. Ga mu kuma a kan babbar hanyar Abuja zuwa Kaduna da mahaɗar Minna. Mun ga bam na ofishin zaɓe a watan Afrilu 2011, mun ga na cocin Madalla ranar Kirsimeti ta wannan shekara. Ranar 18 ga Janairu 2025 tankar mai ta kama da wuta a mahaɗar Dikko, fiye da mutum 80 suka rasu, Allah Ya jiƙansu, aka kawo waɗanda suka ƙone asibitocin yankin nan, daga baya aka kwashi wasu zuwa Asibitin Koyarwa na Gwagwalada. Garin da ke zaune a irin wannan wuri, kowane gado na asibiti da kowace ungozoma abin riƙewa ne da hannu biyu. Idan ƙananan asibitocin unguwa suka daina aiki, mai zazzaɓi da mai naƙuda da wanda mota ta buge duk babban asibiti za su nufa, su yi layi a ƙofa guda.

Wani zai ce, me ya haɗa caca da asibiti? Abin da ya haɗa su shi ne gida. Daga aljihu ɗaya kuɗin tikiti da kuɗin magani suke fita. Kuma duka biyun ana yanke hukuncinsu ne a kan takarda, a ofisoshin da jama'ar unguwa ba sa leƙawa: wannan takardar lasisi, wancan takardar fili da ta kasafin kuɗi. Mai kamfani yana da wanda zai bi masa takardarsa daga tebur zuwa tebur. Mai naƙuda ba ta da kowa, sai idan mu muka tsaya mata.

To a nan ne ake jin wata magana da ke kashe gwiwa. Sai ka ji an ce, ai mu baƙi ne, neman abinci ya kawo mu, baƙo ba ya sa baki a sha'anin gari. Lallai baƙo yana da ladabin da ya kamata ya kiyaye, kuma muna kiyayewa. Amma wanda ya zo daga Kano ko Katsina ko Sakkwato ko Gusau ko Maraɗi, ya shekara 30 a nan, ya gina gida, ya aurar da 'ya'ya, ya binne iyaye a maƙabartar garin nan, yana biyan kuɗin shago da haraji, katin zaɓensa na Hashimi ne, wannan idan annoba ta shigo ba za ta tambaye shi asalinsa ba. Garin nan kansa mutanen da suka baro gida ne suka kafa shi. Sarkin Zazzau Makau ya baro Zariya a zamanin jihadi, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin a 1828, a tsakiyar Gwari da Koro. Bayan an yanke shawarar sabon babban birni a 1976, garin ya bayar da ƙasa, ya bayar har da sunansa na Abuja, ya ɗauki Suleja daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Mutanen da suka yi wannan karamci suka kuma karɓe mu, hanyar saka musu ita ce mu taya su tsare garin.

Bari mu duba abin da ya faru a Kano, tunda yawancinmu muna da 'yan'uwa a can. Asibitin yara na Hasiya Bayero, wanda aka sa wa sunan mahaifiyar marigayi Sarki Ado Bayero, yana tsakiyar birni kusa da fada, inda talaka zai iya goya ɗansa ya tako da ƙafa. A zamanin gwamnatin Ganduje aka rufe shi. Maganar ba ta mutu a bakin mutane ba, aka yi ta yin ta har ta shiga cikin alkawuran yaƙin neman zaɓen 2023. Gwamnatin Abba Kabir Yusuf, wadda ta ce an cefanar da wurin ne, ta karɓe shi, ta gyara, ta sake buɗe shi a watan Agusta 2023. Ba siyasar Kano muka zo yi a nan ba, kowa da jam'iyyarsa. Abin lura shi ne, asibitin da aka rufe yana iya dawowa muddin ginin yana tsaye kuma jama'a ba su yi shiru ba. Amma a shekarun da ya yi a rufe, yaran da suka yi rashin lafiya ba su jira zaɓe ba.

A Kanon dai, a watan Oktoba 2024 Hukumar Hisba ta rufe shagunan cacar ƙwallo kimanin 30 a samame guda, kuma ta ce koken iyaye da shugabannin unguwanni ne ya tayar da ita. Ku lura da wannan: koke ne ya riga samame.

Akwai kuma labarin wasu baƙi irinmu a wata ƙasa mai nisa. A birnin Filadelfiya na Amurka akwai unguwar 'yan ƙasar Sin, 'yan kasuwa masu gidajen abinci da kantuna, waɗanda kakanninsu suka je neman abinci suka zauna. A 2008 aka shirya kafa babban gidan caca na Foxwoods a bakin unguwarsu. Tun abin yana kan takarda suka tashi, tsofaffi da ɗalibai da shugabannin addini, suka tara sa hannu, suka yi jerin gwano, suka cika zauren majalisar birni duk ranar da za a tattauna batun. Ba a gina gidan cacar a wurin ba, kuma a watan Disamba 2010 hukumar caca ta jihar ta soke lasisin gaba ɗaya. To amma ba nisa da wannan unguwa akwai wani tsohon asibiti mai suna Hahnemann, mai gado kusan 500, wanda talakawan birnin suka dogara da shi. A 2018 wani kamfani ya saye shi, aka raba takardun, ginin da filin a hannun wasu kamfanoni, aikin asibitin a hannun wani. A tsakiyar 2019 aka ce asibitin ya karye. Ma'aikatan jinya da jama'a suka fito titi, manyan 'yan siyasa suka je, amma kafin ƙarshen shekarar an rufe shi, ma'aikata fiye da 2,000 suka rasa aiki, filin kuwa bai shiga cikin kayan da aka yi shari'ar bashi a kansu ba. Gari ɗaya, a wancan an dace, a wannan an makara. Bambancin shi ne lokaci. Tun ran gini ran zane, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yanzu ga abin da doka ta sa a hannunmu, wanda da yawa ba su sani ba. Ranar 22 ga Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Jihar Legas da wasu jihohi suka shigar, ta ce sha'anin caca na jihohi ne, dokar 2005 ba ta da ƙarfi sai a cikin Babban Birnin Tarayya. Ma'anar wannan a gare mu ita ce, mai shagon caca a Suleja ba zai ɗaga takardar Abuja ya ce ba mai taɓa shi ba. Maganar ta dawo Minna, wurin Majalisar Dokokin Jihar Neja da gwamna, kuma muna da wakili a majalisar nan wanda ƙuri'unmu suka kai shi. Ba mu manta ba cewa Zuba na nan kusa, kuma can dokar tarayya ce ke aiki, amma shagon da sai an hau mota kafin a kai gare shi, ba ɗaya yake da wanda ke ƙofar makaranta ba.

Ta wajen lafiya ma haka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Rabin wannan asusu na inshorar lafiya ne, kashi 45 na magani da gyaran gini da ma'aikata a ƙananan asibitoci, kashi 5 na agajin gaggawa. Manufar ita ce kowace mazaɓa ta samu aƙalla asibiti ɗaya mai aiki, kuma an tsara a samu kwamitin raya mazaɓa na mutanen unguwa da zai sa ido a kan kuɗin. Hashimi mazaɓa biyu ce, A da B. Tambayar da ya kamata kowa ya tafi gida da ita: su wa ke cikin waɗannan kwamitoci, yaushe suke zama, kuma nawa ya shigo bara? Tambaya ba rashin kunya ba ce. Shugabannin Afirka da kansu suka yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su riƙa ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu don lafiya, kuma tun 2011 akwai dokar da ta ba ɗan ƙasa ikon neman bayani a rubuce daga hukuma.

Saboda haka muna kawo wa ƙungiya shawarwari kamar haka.

Na farko, a yi ƙidaya. A naɗa samari masu hankali su zaga Hashimi A da B, su rubuta shagunan caca nawa ne, a wane layi, nawa ne ke kusa da makaranta ko masallaci ko coci. Iyayenmu mata kuma, su da suka fi kowa zuwa awo da rigakafi, su faɗa mana wane asibiti ke da ma'aikacin dare, wanne ke da ruwa, wanne ke da ungozoma. Wanda ya je gaban hukuma da ƙorafi kawai, haƙuri za a ba shi. Wanda ya je da lissafi, dole a amsa masa.

Na biyu, masu shaguna da dillalan haya. Caca ba ta sauka daga sama, shago take kamawa, kuma shago yana da mai shi. A sa sharaɗi a takardar haya cewa ba a yarda a yi caca a ciki ba, kuma ba a yarda ɗan haya ya miƙa wa wani ba sai da sanin mai shago. Wannan ba ya bukatar izinin kowa. Mun sani masu caca sukan ba da haya mai tsoka, su biya shekara biyu a dunƙule, kuma zamani ya yi tsanani. To ƙungiya ta buɗe rajistar masu neman shago na halal, teloli da masu gyaran waya da masu hatsi, don kada wanda ya ƙi kuɗin caca ya zauna da shago a kulle.

Na uku, mu nemi kujera a kwamitocin lafiya na mazaɓunmu, mace da namiji, su riƙa kawo wa ƙungiya rahoto duk wata uku. Su kuma binciko takardar filin kowane asibitin unguwa, a san iyakarsa, a nemi a katange shi, don fili mara katanga shi ake fara ci daga gefe.

Na huɗu, takardar koke. A rubuta ta cikin ladabi, da sa hannun magidanta, a bi da ita ta hannun mai unguwa da hakimi har fadar Mai Martaba Sarkin Zazzau Suleja, a kai kwafi ga kansiloli da ciyaman da ɗan majalisarmu na jiha. Abin da za mu nema a bayyane yake: a hana shagon caca kusa da makarantu da wuraren ibada, a hukunta mai barin ƙananan yara su shiga, a cike gurbin ma'aikatan lafiya da suka bar aiki. Kowace takarda a karɓo shaidar an karɓa, a ajiye a fayil, bayan wata guda a koma a tambaya.

Na biyar, kada mu tafi mu kaɗai. Ɗan Bagware da ɗan Bayarabe da ɗan Ibo duk shago ɗaya suke shiga da namu, matansu layi ɗaya suke bi da namu a asibiti. A tuntuɓi shugabanninsu da limaman coci tun daga farko. Idan takarda ta fito daga Hausawa kaɗai, mai son ɓata ta zai ce maganar ƙabila ce ko ta addini. Idan ta fito daga unguwa gaba ɗaya, ba shi da abin cewa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na shida, kuma wannan ga samari muke faɗa da babbar murya: ba jifa, ba fasa shago, ba ƙone-ƙone. Garin nan ya ga tashin hankali, ya san ɗacinsa. Ranar da aka jefa dutse ɗaya, ranar maganarmu ta mutu, a bar batun caca a koma batun belin yaranmu.

Akwai masu cewa, ko an rufe shaguna ai cacar tana cikin waya. Gaskiya ne, kuma ba wata hukuma da za ta shiga aljihun kowane yaro. Amma a shago ake koyo, a nan babba ke nuna wa ƙarami yadda ake haɗa tikiti, kuma shago a bakin titi shi ke gaya wa yaro cewa manya sun yarda. Abin da ya rage na waya, aikin gida ne da na uban gida. Yaron da ke zaune ba aiki, ba jari, ba ranar da yake sa ran a sallame shi, shi ne abincin mai caca. A kasuwar nan an san al'adar iyayen gidanmu: yaro ya yi shekaru yana hidima, a yanka masa jari ya tsaya da ƙafarsa. Mu raya wannan al'ada, mu kuma buɗe wa samari adashi a ƙarƙashin ƙungiya, don mai naira 500 ya ga inda zai zuba ta ta dawo masa. Yaran da ke aiki a shagunan cacar ma 'ya'yan wasu ne, a tuna da su wajen rabon wuraren koyon sana'a.

Muna roƙon shugaban taro, kafin a tashi, a fitar da sunayen waɗanda za su yi ƙidayar nan, a kuma sa ranar da za su kawo rahoto, don kada jawabi ya ƙare a tafi da shan lemo.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu da ke kwance a ƙasar nan da waɗanda ke gida. Allah Ya ja zamanin Sarki, Ya zaunar da Suleja da Jihar Neja da Nijeriya lafiya.